Maulud Ya Gyara Allunan Mudir

Dawuda ya yi shekaru yana aiki a wani sito a unguwar Sulay ta Riyad, amma har yau bai gane abin da kafilinsa Abu Nasir, maigidan da ya tsaya masa a ƙasar, yake gani a tsatsa ba. Duk inda aka rushe tsohon gini a Riyad, sai ya tura shi ya kwanto allunan ƙarfe: na masana'antar ƙanƙara, na gidan mai, na gargaɗin wutar lantarki. A jera su a bango, ba wanki, ba guga. Dawuda dai ya koyi kama bakinsa.

Wanda Abu Nasir ya fi ji da shi shi ne allon wani tsohon lif da aka ciro daga wani otal a unguwar Batha. Lif ne mai ƙofar raga, na zamanin da sai an ajiye mutum a ciki yana murɗa hannun ƙarfe kafin ya tashi. Mahaifin Abu Nasir ne ya yi wannan aikin har ya tsufa. A gefen allon akwai inda fenti ya suɗe ya yi sulɓi, wurin da tsohon yake dafawa. Abu Nasir kan ɗora tafinsa a nan.

Ana haka ƙanin Dawuda, Maulud, ya iso daga Maraɗi. Da magiya da rantse-rantse aka samo masa bizar, gida kuwa duk an zuba masa ido. Abu Nasir ya ce ranar Lahadi za a je a yi masa iƙama, takardar zama. Dawuda ya karanta wa ƙanin komai, daga inda ake sayen burodi har yadda ake gai da ɗan sanda. Abin da ya manta shi ne sana'ar Maulud a gida: fentin manyan motoci.

Ranar Juma'a Dawuda ya tafi jana'iza a maƙabartar Al-Oud, ya kwana wurin 'yan gari, ya bar Maulud da makullin sito. Washegari da safe ya ɗauko Abu Nasir a mota. Tun daga ƙofa warin fenti ya dake su.

Innalillahi! Bango guda yana ƙyalli. Babu tsatsa ko ɗigo, an kankare ta tas. Allon ƙanƙara ya koma shuɗi shar, an ƙara masa dabino. Allon lif kuwa ya sha ja da ruwan ɗorawa, ga furanni a kusurwa, ga tsuntsu ya buɗe fiffike daidai inda tsohon yake dafawa. Kuma, don Allah, aikin ya yi kyau. Wannan ne ya fi ƙona wa Dawuda rai.

Maulud na tsaye a gefe, hannu duk fenti, baki har kunne.

Abu Nasir ya taka a hankali ya ɗora tafinsa a kan tsuntsun. Ya ɗago, ya daɗe yana kallon jan da ya manne masa. Bai yi faɗa ba, Dawuda kuwa ya so a ce ya yi.

"Ya mudir," in ji Dawuda, yadda ya saba kiran maigidan, "wallahi bai sani ba, ni ne ban..."

"Huruj niha'i," Abu Nasir ya ce, ya fita.

Fita ta har abada ke nan: a maimakon iƙama, jirgi zai mai da Maulud gida. Dawuda ya zauna a kan gwangwanin fenti.

Maulud, da ba ya jin Larabci, ya matso yana goge hannu a wando.

"Yaya, mi ya ce? Na ga har ƙwalla ya yi." Ya nuna ɗaya bangon. "Ka ce mishi kar ya damu, waɗancan ma gobe in na tashi da wuri zan gama su."