Lambar Kamfanin Yaya Mati

"Inna, me ya sa Baffa Mati ba ya sa hannu a takardunsa, kullum sai ke za ki dangwala?"

Hure ce ta yi tambayar, 'yar shekara bakwai, kuma a gaban baffan nata. Sakinatu tana matsar tunkuza, ta ji hannunta ya tsaya cak. Mati, yayan mijinta, ya yi dariyar yaƙe.

"Wannan 'yar taki lauya za ta zama. Ke, tafi ki yi wasa."

Shekarar da fetur ya tashi ce, masara ta gagari talaka. Mijinta Sabo ya tafi cirani, ya bar ta da yara biyu da sana'ar man gyaɗa a ƙauyensu na bayan Tofa. Sai ga wani kanti a Kano ya ce zai riƙa ɗaukar manta duk mako, amma sai ta kawo lambar haraji an rubuta a takardar ciniki. Abin da ya kawo Mati ke nan.

"Ki ba su ta kamfanina," in ji shi. "A gidan nan turmi ma aronsa ake yi, balle lamba. Me zai kai ki ofis da goyo?"

"To, Yaya," ta ce, don matar ƙani ba ta jayayya da yayan miji.

Amma tambayar Hure ta ƙi barin ta. Ta tuna bara Mati ya tattara katin ɗan ƙasa na matan gidan, wai za a raba tallafin taki. Sau biyu ya kawo mata takarda ta dangwala. Takin bai zo ba har yau.

Ranar kasuwa ta goya jaririnta ta nufi Dawakin Tofa, shagon kwamfutar Malam Uwaisu. Ta miƙa masa katinta da lambar da Mati ya rubuta mata.

"Lambar harajinki ta kanki ga ta nan, ta fito da katinki, lafiya lau," in ji shi. Ya daɗe yana duban ɗayar. "Wannan ta kamfanin sayar da taki ce. Kin san mai shi?"

"Yayan mijina ne."

Ya juyo mata da na'urar. "Sakinatu Abdussalam. Ke ce mai kamfanin. Babu sunan yayan mijinki ko'ina."

Kowa ya ji kukan manoman Bagwai kan wani taki da rabinsa yashi ne, dawarsu duk ta yi rawaya. An ce har wasu baƙi suna bin ƙauyuka suna cigiyar mai kamfanin.

"Malam, in an zo, wa za a tafi da shi?"

Jaririn da ke bayanta kawai ya kalla.

Nan take ta sa ya aika wa kantin tata lambar. Ya rubuta mata takardar koke cewa ba da saninta aka buɗe kamfanin ba, ya karanta mata har sau biyu kafin ta dangwala. Ta kai ofishin da ya kwatanta mata, ba ta tashi ba sai da aka buga mata hatimi a kwafinta.

Da la'asar ta iso gida. Wata farar mota tana gindin darbejiya, ga mutum biyu riƙe da fayil. Ɗakin Mati da kwaɗo, babur ɗinsa ma babu. Hure tana ƙofar gida tana nuna ta da yatsa.

"Ga Innata can!"

Sakinatu ta gyara goyo, ta damƙe takardarta, ta nufe su.

'Yar'uwa mai karatu, in an nemi lambar haraji, ba da lambarki ta kanki wadda kika san asalinta. Katinki kuma kada ya kwana a aljihun kowa, ko da yayan mijinki ne. Ranar da motar ta zo, sunan da ke takarda za a kira.