Wayoyin Motar Ɗan Baba

"Cire su duka," in ji Ɗan Baba. "Ka sa ja inda shuɗiya za ta zauna."

"Maigida, jiya kai da bakinka ka ce ja."

"Jiya ta wuce. Cire."

Hamisu ya haɗiye tsaki, ya sake cusa kansa ƙarƙashin sitiyari. Mahaifinsa Shu'aibu na zaune a inuwar babbar taya yana ɓarar gyaɗa, kunnensa duk yana wurinsu.

Kamiyon, babbar motar Ɗan Baba, ya daɗe tsaye a bayan gidajensu, hancinsa na kallon tafkin Madarumfa. Tun da ciwon ƙirji ya raba Ɗan Baba da tuƙi, matarsa Ɗelu ta mai da kabin ɗin, mazaunin direba, rumbu. Ɓeraye suka biyo gyaɗa, da gyaɗa ta ƙare suka koma kan wayoyi. Bana tsohon ya rantse sai motar ta tashi. Ya sayo tsohon gurup, wato janareta, a garin Ɗan Issa, aka ɗaure shi bayan kabin, don ya riƙa ba firjin tirela wutar lantarki a kai kifin tafki Maraɗi bai lalace ba.

Hamisu a Maraɗi ya koyi aikin wayar mota, amma hankalinsa ya tafi ramukan zinariya na Jado, inda abokinsa ya je bai dawo ba. Jakarsa a ɗaure take. Alkawari ɗaya ke riƙe da shi: ya ce wa tsohon ba zai tafi ba sai ranar da fitilun motar suka kama. Shi ya sa duk wayar da aka ɗaura, sai Shu'aibu ya ji kamar a wuyansa aka ɗaura ta.

Da Hamisu ya tafi kasuwa neman dalma, Ɗan Baba ya leƙo ta taga.

"Maƙwabci, bar gyaɗar nan haka, ka kusa ɓare yatsunka."

"Yaya, yaron nan ya kusa gamawa ko?"

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ya gama tun gero bai nuna ba. Hannunsa ya fi nawa. Ni ke kwance masa saƙa."

Shu'aibu ya miƙe tsaye, ɓawon gyaɗa ya zube daga cinyarsa.

"Har yaushe za ka iya?"

"Iyakar numfashina. Daga nan kuma, kai da Mai sama."

Numfashin kuwa raguwa yake yi. Ɗan Baba ya daina shiga gida da rana. Sai a ɗaga shi a ɗora kan kujerar direba, ya dafa sitiyari, ya zuba wa ruwa ido. Wani lokaci yakan kira tafkin teku. Yakan ba da labarin hanyar Kwatano, da ƙamshin gishiri da ke tarar mutum tun bai ga ruwa ba, da jiragen da ke tsaye can nesa kamar garuruwan da aka manta.

Wata Laraba bayan la'asar Shu'aibu ya hau ya zauna kusa da shi. Rana ta kwanta kan ruwa, tafkin ya yi ta walƙiya, balbelu na wucewa ƙasa-ƙasa.

"Ka ga fitilun gari?" in ji tsohon.

"Rana ce a kan ruwa, Yaya."

"Kai dai ba ka taɓa tafiya ba." Ƙafarsa ta lalubi birki a hankali. "Mun iso. Bari in rage gudu."

Shu'aibu ya fara yi masa kalmar shahada, leɓɓan tsohon na bi. Lokacin da Ɗelu ta iso da kwanon kunu, sai da aka ɓamɓare yatsunsa daga sitiyari ɗaya bayan ɗaya.

Aka kai shi makwancinsa kafin duhu. Duk zaman makoki Shu'aibu na amsa gaisuwa, amma idonsa na kan ɗansa.

Ranar da aka yi sadakar uku aka watse, magariba na gabatowa, Hamisu ya ɗauki filaya ya hau motar. Shu'aibu ya bi shi, ya tsaya a ƙasa. Ba a daɗe ba. Gurup ɗin ya yi tari, ya yi gurnani, ya kama. Fitilun gaba suka buɗe, na saman kabin suka biyo, sai ƙananan jajaye da rawaya suka bi jikin tirelar har wutsiya. Ɗelu ta fito ƙofar gida, ta rufe baki da mayafi.

"Allahu akbar," ta ce. "Malam, ga motarka."

Shu'aibu ya dafa taya.

Hamisu ya daɗe zaune a kujerar tsohon, hannunsa kan sitiyari. Can sai ya sunkuya, ya zura hannu ƙasa. Fitilar hagu ta mutu.

Ya leƙo ta taga, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Baba, ta hagu ba ta yi ba. Sai na sake bin wayar tun daga batir."

"Zai ɗauki lokaci?"

"Aikin waya ba ya son gaggawa. Ƙila ya kai mu damina."

Shu'aibu ya gyaɗa kai, ya zauna a kan matakalar motar. Fitilar dama ita kaɗai ta shimfiɗa hanya a kan ruwa. Wani masunci ya shigo cikinta da kwalekwalensa, ya ɗaga filafili ya gaishe su, ya wuce.