Tozon Tarago

Aikina a ramin jirgin ƙasa da ake haƙawa ƙarƙashin gari shi ne ƙirga tarago. Injin haƙa yana cin ƙasa a gaba, bel yana kwaso ta yana zubawa a taragai, ni ina tsaye ina ƙirgawa. Duk zoben siminti ɗaya da za a kafa ya tokare bangon ramin, tarago tara ya kamata su fito. In suka wuce tara, ƙasar sama ce ke zubowa, ana barin kogo a ƙarƙashin titi. Ban yi boko ba, amma wannan na sani.

Ranar Talata da safe muka shiga yashi mai ruwa. Na damƙi ƙasar daga kan bel, ta ƙi dunƙulewa, ta zurare tsakanin yatsuna. Tara suka cika, bel bai daina kawowa ba.

Direban taragon ƙanin matata ne, Gajere. Ya leƙo yana murmushi.

"Yaya, a yi musu tozo?"

Tozo shi ne a tula ƙasa ta wuce bakin tarago, a danne da shebur, goma ta shige cikin tara. Ni na koya wa abokan aikina tun muna cikin laka mai tauri, don in ka rubuta goma, Injiniyar da ke kula da mu za ta tsai da aiki rabin yini tana tambayoyi.

"Wannan yashi ne, ba laka ba," na ce.

"Tsufa ya fara kawo tsoro ke nan. Bari in faɗa wa yayata ta saya maka sanda."

Na ce a yi. Zobe shida muka yi haka cikin kwana biyu, ina rubuta tara.

Ranar Alhamis na bi ta titin da ke saman ramin zan tafi aiki. Wani tela yana durƙushe yana kankare gindin ƙofar shagonsa. Na tambaye shi lafiya.

"Shekara goma tana buɗewa, tun jiya ta ƙi," ya ce.

Fentin da masu awo suka yi alamar layin rami da shi yana daidai bakin shagon, wato ƙasar wurin ta fara nutsewa. Gefe kuma mata ne ke jiran bas.

A bakin rami na gaya wa Gajere zan faɗa wa Injiniya gaskiya. Murmushin ya ɗauke.

"Yaya, 'ya'yana huɗu."

"Na san su, ai a gidana suke wuni."

Injiniya ba ta kai 'yar farina a shekaru ba. Ta baza takardun a tebur, ta ɗora yatsa kan tara, tara, tara.

"Baba, hannunka ne wannan?"

"Nawa ne. Kowanne goma ne, wani ma sha ɗaya."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki waya aka tsai da inji, aka rufe titi. Da suka huda kwalta a gaban shagon telan, sandar ƙarfen da suka zura ta faɗa ciki ba ta taɓa komai ba. Mota huɗu na siminti kogon ya sha.

Ni da Gajere aka karɓe hulunan aikinmu, aka sallame mu ranar.

A gida matata ta ajiye mini abinci ba ta zauna ba.

"Kai ka koya masa," ta ce, ta fita.

Ban musa ba. Abin da ban gaya wa kowa ba, na kasa tuna wurare nawa na yi tozo a baya. Yanzu kullum da safe ina bin layin fentin nan a ƙafa, ina duba ƙofofin mutane.