Yatsu Biyu a Ƙarƙashin Kambas

Yatsu biyu kacal suka rage wa Allura ta kai jan layin awon tsayi. Ubanta ne ya auna ta da kansa a jikin ƙofar shagonsa, inda ya zana irin layin tun bara, ranar da aka koro ta daga ƙofar jirgin lilo a filin wasa saboda gajarta, tana kuka har da majina. Shekara guda cur yarinyar nan tana cin abinci kamar an aiko ta, tana reto a jikin ƙofa wai don ta miƙe, amma ina! Shekarunta takwas, siririya ce tsit, shi ya sa ma ya laƙa mata Allura.

Shi kuwa uban, mai gyaran takalmi, Allah ya yi halitta a wurin. Bencinsa na aiki sai da aka ƙara masa ƙafa a tsakiya. In ya duƙa ɗaukar basilla a ƙasa, sai ya tsaya ya huta kafin ya ɗago. Amma a wajen aiki hannunsa babu na biyunsa, kuma ya sani. In aka tambayi wa ya yi wannan ɗinki, har murmushi yake kafin ya amsa.

"Baba, ka ce bana zan hau," in ji Allura, idonta ya cika fal da ƙwalla.

"Na ce, kuma za ki hau. Miƙo mini kambas ɗinki."

Ya ɓare ƙasan takalman, ya yanko soso mai tauri hawa biyu, ya shafa gam, ya danne da guduma, ya bi gefe da ɗinki, ya rufe da farin fenti. Wallahi ko wanda ya ƙera takalmin a kamfani ba zai ce an taɓa shi ba. Da yarinya ta saka ta tsaya a ƙofa, sai ga kanta ya shafi layin.

Uwarta ta zo kawo masa abincin rana ta tarar da su suna tafawa. Ta ɗaga takalmin ta jinjina nauyinsa, ta ce, "Maigida, wanda ya ja layin nan fa ba mahaukaci ba ne."

"Ke dai tsoro ya yi miki yawa. Yatsu biyu ne fa! Kuma ina zaune a gefenta, me zai same ta?"

Ta ajiye kwanon ta koma gida, shi kuma ya ɗauka ya ci gardama.

Ranar hutu da hantsi suka isa filin wasan su biyu. Jirgin lilon yana can ƙarshe: wasu 'yan taragu ne marasa rufi a kan dogon ƙarfe, su hau can ƙololuwa a hankali, sannan su sulalo a guje, su karkace nan, su cilla can, mutanen ciki suna ta kururuwa. Mai takalmi ya ɗaga kai ya kalli ƙololuwar. Sai dai gaskiyar magana, ba tsayin ne ya dame shi ba. Abin da ya hana shi sukuni tun a gida shi ne kada ƙarfen da ake danne cinyoyin mutane da shi ya ƙi rufuwa a kan tumbinsa, a ce masa sauka a gaban jama'a, a gaban 'yarsa.

Mai kula da jirgin wani dattijo ne mai furfura da rigar aiki ruwan toka. Ya tsayar da Allura a jikin allon awo, kanta ya taɓa jan layin, ya ɗaga mata hannu ta wuce. Da ya zo kan uban sai ya ɗan tsaya, ya dube shi, ya dubi yarinyar.

"Yallaɓai, da ka bar ta ta zauna da waccan yarinyar sa'arta, kai ka koma kujerar baya kai kaɗai. Ƙarfe ɗaya ne na mutum biyu, kuma..."

Wasu 'yan mata a layi suka ƙyalƙyale da dariya. Mai yiwuwa ma ba da shi suke ba, amma kunnuwansa suka yi zafi.

"'Yata ce," ya katse shi. "Tare muka zo, tare za mu zauna. Ko jikin nawa ne ya tsone maka ido?"

Na baya suka fara gunagunin ana ɓata musu lokaci. Dattijon ya matsa gefe.

Da ƙyar ya cusa kansa cikin kujerar, ya matse yarinya a lungu. Ya ja numfashi ya shanye cikinsa iyakar iyawarsa, aka sauko da ƙarfen. Ƙas! Sau ɗaya ya yi ƙara ya tsaya a kan tumbinsa. A sauran kujeru yana jin ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, sau huɗu sau biyar. Bai kawo komai a ransa ba. Shi dai ya rufu! Dattijon ya bi yana jijjiga ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, nasu bai motsa ba, ya wuce. Mai takalmi ya saki numfashi, har da yi wa Allura gira.

Jirgi ya tashi, ya kama hawa, sarƙa tana taf-taf-taf a ƙarƙashinsu. Sai da suka wuce tsayin bishiyoyi Allura ta ce, "Baba, duba, ni ina iya miƙewa ma!"

Ya waiga. Yarinyar ta ɗaga gwiwoyinta duka biyu, ta zaro su ta ƙarƙashin ƙarfen ba tare da sun taɓa shi ba. Ƙarfen da ya nutse a cikinsa, a wajenta yana can sama a gaban ƙirjinta. Tsakaninsa da cinyarta ya fi taƙi guda. Babu abin da ke riƙe da ita, ko zare.

Nan take ya gane abin da dattijon ya so faɗa masa.

"Zauna! Mayar da ƙafarki! Zauna na ce!"

Ta zabura ta koma, don bai taɓa daka mata tsawa irin wannan ba. Ya danna ƙarfen da hannu biyu ko zai ƙara sauka, ya shanye ciki har idonsa ya yi ja, amma babu inda zai je, naman jikinsa ne ya tokare shi. Ya juya ya ƙwala kira, "Ku tsayar! Malam, tsayar da shi! Akwai yarinya!" Na kujerar baya suka ɗauka wasa ne, suka taya shi ihu suna dariya. Can ƙasa dattijon ya zama ɗan mitsitsi, ya ma juya musu baya.

Sarƙa ta ci gaba da taf-taf-taf. Saura kaɗan su kai ƙololuwa. Tsoro irin wanda bai taɓa sani ba ya kama shi, har yana jin fitsari.

"Baba, mene ne?"

"Ba komai, uwata. Riƙe ƙarfen nan da hannu biyu, kada ki saki ko me ya faru."

Ya zura hannun dama ta bayanta ya zagayo ƙugunta, ya cafke rigarta da ɗamarar wandonta wuri guda, ya murɗa a yatsunsa yadda yake murɗa zare in zai ja ɗinki. Hannun hagu ya ɗora a cinyoyinta ya danne. Shi kansa bai riƙe komai ba. Salati yake son yi, amma farkonsa kawai ke zuwa bakinsa, yana ta maimaitawa.

Sarƙa ta yi shiru. Gaban jirgin ya leƙa ƙasa.

Suka faɗa. Iska ta cika masa baki, kuma a daidai lokacin ya ji abin da yake tsoro: yarinyar ta bar kujera. Ba ta da nauyi ko kaɗan, sama kawai take yi, hannunsa na binta. Ya ji ɗinkin rigarta yana ɓarkewa ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin yatsunsa. Ya saki rigar ya damƙi naman jikinta, ya fizgo ta ya haɗa da haƙarƙarinsa. Ta ƙwalla ƙara, bai san ta zafi ce ko ta tsoro ba.

Jirgin ya karkace hagu, nauyinsa duka ya tafi kanta, ya ji tsoron kada ya murƙushe ta. Ya karkace dama, ta sulɓe wajen bakin taragun, ƙafafunta suka fita daga ƙarƙashin ƙarfen suka yi sama. Wani farin abu ya wuce ta gaban idonsa, fiu, ya ɓace a baya. Ya ɗauka ita ce. Sai da ya ji ɗuminta a hannunsa ya san tana nan.

Tudu uku suka rage, kuma a kan kowanne sai ta tashi ya dawo da ita. Kafaɗarsa ta yi ƙara, hannun ya mutu, bai ƙara jin yatsunsa ba. Ya runtse ido ya kifa kansa a kan nata. Fuskar uwarta kawai yake gani, tana jinjina takalmi a hannu, da kuma kansa yana shiga gida shi kaɗai.

Birki ya kama. Jirgin ya ja jiki ya tsaya inda ya tashi, ƙarafa suka ɗage, mutane suka yi ta fita suna dariya suna gyara hula da ɗankwali. Su biyun ba su motsa ba.

"Baba," in ji Allura da wata 'yar murya, "sake ni. Kana ji mini ciwo."

Ya so ya saki, hannun ya ƙi buɗuwa. Sai da ya sa na hagu ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta inda rigar ta yage ya ga shatin yatsunsa biyar a ƙugunta, sun yi jawur.

Ta sauko ta tsaya a dandamali, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da safa kawai, ta karkace gefe guda. Allon awon yana bayanta. Ta ɓangaren da babu takalmin, jan layin yana sama da kanta, kowa na iya gani.

Wata mai shara ta taho daga ƙarƙashin dogon ƙarfen riƙe da kambas ɗin, ta miƙa wa dattijon. Faɗuwar ta tsaga shi, soson nan hawa biyu ya leƙo waje. Dattijon ya juya shi a hannu, ya bi ɗinkin da babban yatsa. Ya dubi yarinyar da yagaggiyar rigarta, ya dubi ƙarfen kujerarsu.

"Da na dage da ban bar ku tare ba," ya ce a hankali. "Amma wannan... wane marar imani ne ya yi wa yarinya wannan aikin?"

Shekara ashirin da biyar ana yi wa mai takalmi tambayar wa ya yi wannan aiki, yana amsawa da murmushi. Yau kuwa sai ya fito ya zube zaune a bakin taragun.

Allura ta ɗingiso ta tsaya a gabansa, ta kare shi da ɗan jikin nan nata da ko rabinsa bai rufe ba.

"Kada ka yi masa faɗa," ta ce wa dattijon tana shessheƙa. "Ni na ce ina so."

Uban ya jawo ta, ya kwance igiyar ɗaya takalmin, ya zare shi daga ƙafarta. Ta tsaya daidai a kan safa, gajeriya kamar yadda Allah ya yi ta.

"Ni ne," ya ce, hawaye na bin kumatunsa. "Ni na ɗinka shi. Ni ne ubanta."