Lafiya Lau a Carrickmoyle

A shekarar da aka yi ƙidaya, takardar ta zo wa mutanen Carrickmoyle da tambaya a kan lafiyar jikinsu. Mutanen wannan ƙauye na bakin teku kuwa, tun kaka da kakanni, amsa ɗaya suka sani. Ko mutum yana kan gadon ajali aka gaishe shi, zai ce lafiya lau, godiya ta tabbata ga Allah, domin a wurinsu kai kuka ga baƙo butulci ne ga Mahalicci. Haka Attracta Mulhern ta cika wa kanta, haka ta cika wa mijinta Fintan, tsohon masunci wanda tun a lokacin tari yake hana shi kai ƙarshen addu'a.

Can a birni aka tattara amsoshin, aka shafa wa ƙauyen kore a taswira, aka sanya shi cikin unguwannin dattawa masu ƙoshin lafiya. Ba a jima ba aka janye nas ɗin da take zuwa kowace Talata, aka mai da ita inda taswira ta yi ja.

Shekaru suka shuɗe, koren da ke taswira bai motsa ba. Matasa suka tafi birnin Glasgow neman aiki, ƙafafun Fintan suka kumbura, Attracta ta zama ita kaɗai take juya shi a gado, alhali bayanta ya ƙi miƙewa. Da abin ya fi ƙarfinta, ta hau motar safe zuwa ofishin gunduma neman a dawo musu da nas. Wata matashiya mai ladabi ta ba ta shayi, ta nuna mata koren a allo, ta yi mata bayani cewa ba ta da ikon taɓa shi sai ƙidaya ta gaba.

"'Yata, ai gaisuwa muka amsa," in ji Attracta.

Matashiyar ta sunkuyar da kai. Ta roƙe ta, in takardar ta sake zuwa, su faɗi gaskiya.

Takardar ta sake zuwa da bazara. Ranar Lahadi bayan coci, Attracta ta zauna gefen gadon da biro, ta karanta wa Fintan tambayar, ta tuna masa cewa zuwan nas yana rataye da wannan layi. Ya daɗe yana kallon gicciyen da ke bango. Sannan ya fara lissafa mata: yana gani, yana ji, ya ci dankalinsa da rana, teku ta cinye ƙannensa biyu ta bar shi.

"Ke tsohuwa, so kike in kai ƙarar Ubangiji wurin gwamnati?"

Ta kira shi tsohon jaki mai taurin kai, ta ce ko takalmi ba ya iya sawa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ta tallafe shi sai da ya lafa. Ta san abin da maƙwabta suke rubutawa a wannan yammaci, gida bayan gida har bakin gaɓa.

A layin Fintan, ta ɗora biron a kan "lafiya lau". Da ta zo kan nata layin, hannunta bai ko yi jinkiri ba.