Kwalbar Yaya Haladu

Yayana Haladu ya daina shan giya shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar da likita ya ce masa hantarsa ta kusa gajiya. Amma bai zubar da kwalba ɗaya ba. Wuski ce da ya taho da ita daga Sikotlan, inda gwamnati ta tura shi karatun noman rani yana saurayi. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya tsiyaya kaɗan a kofi, ya shinshina, ya mayar. A duk Kazaure ni kaɗai na sani, kuma na gaji da yi masa faɗa.

Da maganar auren 'yarsa Bahijja ta taso, dangin Nuruddeen, yaron da take so, suka shiga bincike kamar yadda aka saba. Sun tambayi maƙwabta da limami, kowa ya ce Haladu mutumin kirki ne. Sai baffan yaron, Alhaji Yakubu mai sayar da turare a Roni, ya biyo gaisuwa wata Juma'a ba sanarwa. Ina zaune a ɗakin. Yaya ya tura kofin bayan kujera.

Bayan gaisuwa Alhaji ya ɗaga hanci.

"Malam Haladu, wane turare ne wannan? Shekara talatin ina sana'ar nan, ban taɓa jin irinsa ba. Akwai hayaƙi, ga zuma a ƙarƙashi."

Na yi sauri na ce turaren wutar mata ne. Amma na ga fuskar Yaya ta washe. Shekara arba'in yana riƙe da abin nan a ransa, ba wanda ya taɓa jiyo zumar sai yau.

"Kai, Alhaji, kana da hanci!" in ji shi. Ya jawo kofin.

Na taka masa ƙafa, ko a jikinsa. Ya shiga bayani kamar mai karantar da ɗalibi: sha'ir zalla ake yi da shi, a busar da shi da hayaƙin wata baƙar ƙasa da ake ƙonawa kamar itace, a zuba ruwan a gangar katako ya kwanta shekara goma sha takwas. Gida ɗaya ke dafa ta, ba a gauraya ta da ta kowa. Ya ɗiga ruwa a kofin ya miƙa masa, ya ce, "Yanzu sake ji, za ka ji busasshen dabino."

Alhaji bai karɓi kofin ba. Ya ce, "Giya ce ke nan."

"Ba na sha, Alhaji. Wallahi shinshinawa kawai nake yi."

"To, madalla," in ji Alhaji. Ya nemi takalminsa, ya ce a gaida iyali.

Bayan kwana uku aka aiko cewa a yi haƙuri, Allah bai yi ba. Ba su faɗi dalili ba, mutanen suna da kunya. Nuruddeen ya daina ɗaukar waya.

Na je gidan da fushi na, na tarar Yaya ya tsufa a kwana uku. Kafin in buɗe baki Bahijja ta shigo da abinci, ta durƙusa. Idanunta sun kumbura.

"Baba, don Allah in an faɗa maka laifina ka gaya mini. Na yi ta tunani, ban gano abin da na yi musu ba." Ta juyo wurina. "Baffa, kai ma ba ka ji komai ba?"

Na kalli Yaya, ina jira. Leɓensa ya motsa, sai ya sunkuyar da kai.

"Ki yi haƙuri, Bahijja," ya ce. "Haka mutane suke."

Ni ma da nake ta cika baki, sai na kawar da kai gefe. Ta ce to, ta roƙi gafararmu in ta jawo mana abin kunya, ta tashi ta fita.