Sabon Keke a Gangaren Rafin Ɗinya

A shekarar da aka hana hawa babur a Birnin Gwari, aka kuma ɗauke sabis ɗin waya, masu gyaran keke suka zama manyan mutane. Ɗalha, wanda a da yake yini yana korar ƙuda a rumfarsa ta bayan kasuwa, sai ga shi har alhazai suna tsayawa su tambaye shi ya iyali. Kowa ya jawo tsohon kekensa daga bayan rumbu, ya kakkaɓe kashin kaji, ya kawo a tashe shi.

Ran nan da hantsi yana tsugune gaban wani dogon kwali. Malam Benjamin ne ya kawo shi, tsohon malamin firamare da ya koyar da rabin garin, har da Ɗalhan. Ɗansa da ke aiki a Abuja ya aiko masa da keke, wai tunda ba babur, baba ya riƙa zuwa gona da coci a kai. Ɗalha ya zazzage kwalin ya tsaya yana duba abin da ya fito. Tayoyi masu kauri kamar na babur, shokozoba a gaba da kuma wata a tsakiya, birki mai faifai wanda ke aiki da mai. Ba kariyar ɗaura kaya, ba ƙararrawa, ba ko abin jingine shi. Irin keken nan ne da samarin birni ke hawa dutse da shi don kawai su gangaro a guje.

"Malam," in ji Ɗalha, "ɗan nan naka yana son ka, amma da gani bai taɓa ɗauko buhun masara ba."

Malam Benjamin yana cikin dariya sai wani mutum ya shigo rumfar yana ɗingishi, yana jan keke wanda wilin gaba ya lanƙwashe. Muttaka ne, yayan Jamilatu matar Ɗalha. Jamilatu ta tafi ƙauyensu, Rafin Ɗinya, can wajen Kakangi, ta taya tsohuwarta cirar gyaɗa. Muttaka bai yi sallama ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna wa Ɗalha ba lafiya.

"Kububuwa ta sari Jamilatu jiya da yamma," in ji shi. "Abarshi malamin asibitinmu yana kanta, amma ba shi da allurar kashe dafin. Dasashinta ya fara jini. Ya ce idan ba a kawo yau ba, to, sai dai mu yi ta addu'a."

Ɗalha ya miƙe, ya koma ya tsuguna, ya sake miƙewa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

"Yaya Muttaka, me ya hana ku ɗauko ta?"

"Ta ina? Babbar hanya mutanen daji sun tare ta tun shekaranjiya. Ta kan dutse na biyo, ka ga yadda ya yi da kekena da gwiwata. Kuma ka ji da kyau. Idan rana ta take, mutanen dajin suna saukowa rafin da ke gindin dutsen su sha inuwa. Hanyar ta saman kansu take wucewa."

Malam Benjamin bai jira a roƙe shi ba. Ya aika a kira Muslimat, ma'aikaciyar jinya da ke maƙwabtaka da shi, ya ce ta je asibiti ta yi duk yadda za ta yi ta samo allurar. Sannan ya naɗe hannun rigarsa ya nuna tarkacen da ke ƙasa.

"Haɗa shi."

"Malam, sabo ne fil. Ko hawa ba ka yi ba."

"Ɗalha, tun kana aji uku kake da musu. Akwai wani keke a rumfar nan da zai sauka dutsen can da mutum a kai?"

Babu. Sauran kekunan guda ba shi da birki, guda firam ɗinsa walda ce kan walda. Ɗalha ya ɗauki alanki na ɗaure noti. Ya kafa kan keken ya ɗaure, ya duba ya ga ya karkace, ya kwance ya sake. Ya sa sirdi. Ya ɗaura feda, ya kusa cinye zaren ta hagu saboda ya manta a juye take shiga, abin da ya sani tun yana yaron shago. Malam Benjamin yana riƙe da firam, kuma da yake tsohon malami ba ya ganin sabon abu ya ƙyale shi, sai ya sa hannu ya matse birkin gaba don ya ji yadda yake.

"Malam, kar ka...!"

Ya riga ya matse. Wilin bai shiga ba tukuna, saboda haka takalman birkin suka haɗe da juna, ba wurin da faifan zai shiga. Ɗalha ya ji kamar ya kurma ihu. Ya haɗiye, don ba a yi wa malami tsawa ko da duniya za ta tashi. Ya sa bakin sukudireba yana buɗa su a hankali, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, yana jin kowane numfashi da ya ja kamar daga na Jamilatu aka cire. Suka buɗe. Wilin ya zauna. Ya ba tayoyin iska, bai cika sosai ba, don su kama dutse.

Sai ya ɗaga bayan keken ya murza feda ya saki.

Tayar ta juya, keken ya ɗauki wata ƙara, tarrrrr, mai kaifi, har mai shayin da ke tsallaken hanya ya waigo. Ashe haka aka yi shi: duk lokacin da mutum ya daina murzawa ya bar shi yana gudu da kansa, sai cibiyar wilin baya ta yi ta kuka. A Abuja wannan ado ne. Muttaka ya dubi Ɗalha, Ɗalha ya dubi Muttaka.

"Da wannan," in ji Muttaka, "gara ka tafi da ganga kana kaɗawa."

Ɗalha ya cire wilin ya buɗe cibiyar. Ga wasu 'yan haƙoran ƙarfe a kan siririn sifirin, su ne ke ƙarar, su ne kuma ke kama wilin idan an taka feda. Ya san maganin: a cika su da giris mai kauri, su yi shiru. Ya kuma san illar, don ya sha gani a tsofaffin kekuna. Giris idan ya yi yawa yana liƙe haƙoran, mutum ya taka feda ta yi ta juyawa a banza. Ya faɗa wa Malam Benjamin haka, a taƙaice.

"To wanne ya fi?" in ji malamin.

"Idan feda ta ƙi, ina da ƙafa. Idan suka ji ni, ba ni da komai."

Ya dumbuza giris da yatsa ya cusa, ya mayar, ya murza. Tayar ta yi ta juyawa, ba abin da ake ji sai iska.

Muslimat ta iso da gudu-gudu, riƙe da ƙaramar kula ta abinci, kwalaben allurar a ciki an kewaye su da ƙanƙara da auduga. Ta duba keken gaba da baya ba ta ga inda za a ɗaura kaya ba. Ba ta tambayi kowa ba, ta cire mayafinta ta ce ya duƙa. Ta goya masa kular a baya kamar jariri, ta ɗaure a ƙirjinsa tamau.

"Ko za ka faɗi, Malam Ɗalha, ka faɗi ta ciki," in ji ta.

Ya fita gari ta bayan gonaki. Keken yana da nauyi a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, yana lotsawa a ƙarƙashinsa kamar katifa, ga sirdi ƙasa-ƙasa. Ya wuce gonakin da aka bari ciyawa ta cinye, ya wuce wani ƙauye da ba kowa sai kaji. Hawan dutsen kuwa turawa ya yi. Kafin ya kai ƙoli rana ta take, rigarsa ta jiƙe sharkaf, kuma ruwan sanyi yana bin gadon bayansa daga kular. Ƙanƙarar ta fara narkewa.

Daga sama ya hango rafin, ya hango hayaƙi yana tashi daga cikin itatuwa. Suna nan.

Ya yi bisimilla ya saki keken. A kwanar farko ya taɓa birki, sabon faifan ya yi wani siririn ƙiii. Ɗalha ya saki da sauri kamar ya taɓa wuta. Shi ke nan, birki ma ya haramta. Ya tashi daga kan sirdi, ya ja jikinsa baya, ya ƙanƙame kan keken.

Nan keken ya nuna abin da aka yi shi dominsa. Duwatsun da suka karya wilin Muttaka, haɗiye su yake yi ɗaya bayan ɗaya. Gamba tana dukan fuskar Ɗalha, idanunsa suna hawaye, hanya tana zuwa masa da gudun da bai taɓa yi ba ko a kan babur. Sai ƙanshin gasasshen nama ya bugi hancinsa. Ta tsakanin ciyawa, ƙasa da shi kaɗan, ya ga babura a jere, bindigogi a jingine da itace, mutane a kishingiɗe, wata waya tana kiɗa. Ya daina numfashi.

Ya kusa wuce su sai ga mutum a bakin hanya, ya ba shi baya, yana tsugune da buta. Bindigarsa tana kan cinyarsa. Babu wurin kaucewa, babu damar tsayawa. Ɗalha ya wuce shi kusa har gefen rigar mutumin ya kaɗa.

"Kai! Kai, wane ne?"

Bai waiwaya ba. Gangaren ya ƙare, ya faɗa ruwa mara zurfi ya fita, hanya ta miƙe cikin yashi tsakanin gonakin dawa. A bayansa aka harba bindiga sau ɗaya, sannan ya ji ana buga babur. Ya zauna ya taka feda da dukan ƙarfinsa.

Fedar ta juya fayau, kamar ba sarƙa. Ya sake takawa, ta sake juyawa. Keken yana rage gudu, yashi yana cin tayar. Ya ja feda baya, ya buga ta gaba, ya roƙe ta a zuciyarsa, haƙoran suka ƙi tashi. Ƙarar babur ta tsallako rafin.

Ya dira ya bar keken a tsakiyar hanya, ya kutsa cikin dawa. Ya yi gudu a duƙe har ya ji baburan sun iso, sannan ya kwanta rub da ciki, kular tana sama, bakinsa cikin ƙasa. Baburan suka tsaya. Ya jira jin takun ƙafa cikin kara, yana ta maimaita sunan Allah ba tare da leɓensa ya motsa ba.

Abin da ya ji dariya ce. Wani yana cewa a zo a ga keke mai shokozoba. Wani ya ce shi ya fara gani, nasa ne. Aka ji ana danna shi yana lotsawa, ana shewa. Wani ya hau, fedar ta yaudare shi, ya faɗi, aka fashe da dariya har da tafi. Wata murya ta tambaya ina mai shi, aka ce ƙyale matsiyaci, ya bar abin da ya fi shi daraja. Ɗalha ya fara jan ciki, kara bayan kara, har muryoyin suka dushe. Daga nan ya tashi ya zuba da gudu, bai ma san inda takalminsa ɗaya ya tsaya ba.

Ya tarar da Jamilatu kwance a tabarma a ɗakin tsohuwarta. Ƙafarta ta kumbura har gwiwa, leɓunanta sun yi ja da jini. Ta buɗe ido ta gan shi da mayafin mace ɗaure a ƙirji, ta so ta yi magana, ta kasa. Tsohuwar ce ta kwance masa goyon, don yatsunsa sun ƙi.

Abarshi, dattijo mai ƙarancin magana, ya duba kwalaben ya ga ba wadda ta fashe. Ya rataya ledar ƙarin ruwa a ƙusar bango, ya haɗa allurar. Sannan ya ɗauko wata 'yar kwalba daga taga ya nuna wa Ɗalha. Jinin Jamilatu ne da ya ɗiba da safe. Ya karkata ta, jinin ya gangara kamar ruwan zoɓo.

"Jinin mai lafiya daskarewa yake yi idan an ajiye shi," in ji Abarshi. "Dafin ne ya hana nata. Da magariba zan sake ɗiba. Idan ya daskare, allurar ta riske ta. Idan bai daskare ba, mun makara."

Ɗalha ya zauna a bakin ƙofa. Aka kawo masa ruwa, aka kawo fura, bai taɓa ba. Ya yi la'asar bai san me ya karanta ba. Yana kallon ruwan yana ɗiga, yana kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka, duk lokacin da ta yi tari sai ya leƙa ya ga ko da jini.

Da aka idar da magariba Abarshi ya ɗebi jinin a sabuwar kwalba, ya ajiye a kan turmi a tsakar gida, ya ce kada wanda ya taɓa. Gidan ya yi tsit. Tsohuwar tana jan carbi, maƙwabta sun tsaya a bakin zana. Ɗalha ya tsuguna gaban turmin, ya haɗa hannuwansa a tsakanin gwiwoyi don kada su kai kansu.

Can Abarshi ya ce a haska masa tocila. Ya ɗauki kwalbar da yatsu biyu, ya karkata ta kaɗan. Ya ƙara karkatawa. Sannan ya kife ta gaba ɗaya, baki a ƙasa.

Ko ɗigo bai zubo ba.

Tsohuwar ta saki kuka tana hamdala. Ɗalha bai motsa ba, idonsa yana kan kwalbar, hawaye yana bin ƙurar da ke fuskarsa.

"Baba Abarshi," in ji shi, "don Allah sake kifawa in gani."